Takardar Da Sai Baba Ya Sa Hannu

Abin ya fara ne ranar wata Talata, makonni tara da suka wuce, lokacin da likita ya kira ni da Yaya cikin ofishinsa ya tura ƙofa. Baba yana waje a kan benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana karanta sanarwar da aka liƙa a bango kamar wanda za a yi wa jarrabawa a kanta.

Likitan ya juyo mana da fuskar kwamfuta, ya nuna wani duhu a jikin hoton da bakin biro. Ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yaɗu. Yaya ya tambaye shi sauran nawa. Ya ce rai a hannun Allah yake, amma in don abin da ido ke gani ne, maganar watanni ake yi, ba shekaru ba.

"To kada ka faɗa masa," in ji Yaya.

"In bai tambaya ba, zan ba ku lokaci," likitan ya ce. "Amma ranar da ya dube ni ya tambaya, ba zan yi masa ƙarya ba."

Baba bai tambaya ba. Da muka fito, cewa kawai ya yi akwai kuskure biyu a sanarwar bangon, kuma abin kunya ne a asibiti babba irin wannan.

Masu karatu, ban saba buɗe cikina ga mutane ba, kuma da na san inda zan kai wannan magana da ban kawo ta nan ba. Ku yi haƙuri da ni in tsara muku ita daki-daki, don haka aka koya mini magana a gidanmu.

Mahaifina magatakardan kotu ne, shekara talatin da biyu yana wannan aiki kafin ya yi ritaya. Bai taɓa sa hannu a takardar da bai karanta ba. Yana da wata tsohuwar rula ta katako da duk lambobinta suka goge, ita yake ɗorawa ƙarƙashin layi yana saukowa da ita a hankali har ƙarshen shafi. Takardar makarantarmu, takardar wuta, har 'yar takardar da ke zuwa a cikin kwalin sabon agogo, babu wadda ta tsira daga rular nan. Saboda haka da Mama ta yanke hukuncin cewa ba wanda zai ambaci sunan ciwon a gabansa, sai da ta haɗa da wani aiki. Duk kwalbar maganin da aka kawo, sai ta jiƙa ta a ruwan ɗumi ta ɓare takardar jikinta. Ni kuma in ɗaura wa kowace kwalba zare: ja na safe, fari na rana, baƙi na bayan magariba. Sunan ciwon a gidanmu ya zama "kumburin nan".

"Mutum ne mai tunani," Mama ta ce da ni ranar farko, tana kankare takarda da farce. "In ya ji, tunanin ne zai riga ciwon kayar da shi. Shekara arba'in ina tare da shi, ba ke za ki koya mini halinsa ba."

Ban yi musu ba. A lokacin ni ma haka na gani.

Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin sarrafa roba, mai ma'aikata sama da ɗari huɗu. Duk wanda ke neman hutu, teburina takardarsa ke fara sauka. Muna da littafin ƙa'idoji mai shuɗin bango, kuma a cikinsa akwai sashe na bakwai, wanda na haddace kamar sunana. Ga abin da ya ce:

"Ma'aikaci yana da haƙƙin hutun jinya na wata uku da cikakken albashi idan mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko abokin aurensa, ko ɗansa ya kamu da rashin lafiya mai tsanani. Rashin lafiya mai tsanani shi ne wanda ya kwantar da mutum a asibiti kwana bakwai a jere, ko wanda likita ya rubuta cewa yana barazana ga rai. Majinyacin zai karanta bayanin likita ya sa hannu a ƙarƙashinsa, sai fa idan likita ya tabbatar ba ya cikin hayyacinsa. A nan ne wani daga danginsa zai sa hannu a madadinsa."

Na haddace shi ne domin ni na rubuta shi, shekara biyu da suka wuce, ni da lauyan kamfanin. Jimlar ƙarshe kuwa tawa ce ni kaɗai. Kafin lokacin wani ma'aikaci ya taɓa kawo takardar asibitin matarsa ba da saninta ba, kafin mako ya zagayo har masu gadi sun san abin da ke damunta. Na ce ba za a sake yawo da sirrin mara lafiya a bayan idonsa ba. Lauya ya ce jimlar za ta ba mutane wahala. Muka yi mako biyu muna ja-in-ja a kanta, ni da jan biro, shi da baƙi, har ya ɗaga hannu ya ce, "Na sallama, ranki ya daɗe Alƙaliya." Sunan da yake kirana da shi ke nan har yau. Daga gardamar jimla aka koma gardamar shayi, wa ya fi iya haɗawa, daga nan kuma ya tambayi hanyar gidanmu.

Mutum ne dogo marar hayaniya, kullum da ɗigon tawada a aljihun rigarsa. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Baba, sai da suka yi awa biyu suna hirar kotu, ni ina zaune da faranti a hannu an manta da ni. Da ya tafi Baba ya ce, "Wannan yana karanta abu kafin ya yi magana. Uwata, ban ce komai ba, amma ban ce a'a ba." An tsayar da magana cewa manyansa za su zo ƙarshen watan nan.

To ga inda na tsaya. Baba ba a kwantar da shi ba. Sau uku a mako muke zuwa asibiti da safe mu dawo da la'asar, don haka ƙofar kwana bakwai a rufe take. Yaya direban manyan motoci ne, yana kwana biyar a hanya, biyu a gida. Mama gwiwoyinta ba sa barinta hawa matakalar asibiti. Ni ce mai kai shi, ni ce mai auna magani, kuma ba ya karɓar cokali daga hannun kowa sai nawa. Hutuna na shekara, kwana ashirin da ɗaya, ya ƙare tun a mako na shida. Daga nan na shiga fashin aiki.

Ranar Laraba shugabar sashenmu ta kira ni. Mace ce mai kirki, ta tura mini kwalin hankici kafin ta tura mini takardar gargaɗi.

"Kin fi ni sanin littafin nan," ta ce. "Na rufe miki ido sau biyar, na shida ba a hannuna yake ba. Ki kawo fom ɗin sashe na bakwai ranar Litinin kafin ƙarfe goma, ko ki dawo aiki cikakke. In ba ɗaya daga ciki, kin san abin da ke biye."

Na sani. Ni nake buga wasiƙar kora daga aiki.

Da na fito na ci karo da wata mata daga ɓangaren ɗaure kaya, sanye da shuɗiyar rigar aiki, ta ɗaure kanta da ɗankwali mai ruwan toka. Bara ta kawo mini fom a kan mahaifiyarta da ɓarin jikinta ya shanye. Likita ya rubuta cewa ciwo ne mai daɗewa amma ba ya barazana ga rai, ni kuma na buga hatimin ƙi. Ban manta abin da ta ce ba: "Malama, uwata ba ta iya juyawa da kanta, amma littafinku ya ce da sauƙi." Har yau kulle tsohuwar take yi a ɗaki da safe, ta ajiye mata ruwa kusa da hannun da ke motsi, ta taho aiki.

Na so in sunkuyar da kai in wuce, sai ta tare ni.

"An ce babanki ba lafiya. Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi," na ce.

Ta dube ni, na dube ta. Kowa a cikinmu ya san nauyin kalmar.

"Allah Ya tashi kafaɗunsa," ta ce, ta wuce. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙin ɗauka.

Ranar Alhamis na kai wa likitan Baba fom ɗin. Bai ɓata lokaci ba, ya cike gurbinsa da rubutu mai kyau wanda ko yaro zai karanta: sunan ciwon, matakin da ya kai, da jimlar da ake buƙata, cewa yana barazana ga rai. Ƙasa da rubutunsa da yatsa biyu, ga layin da majinyaci zai sa hannu. Ni na ce a matso da layin kusa haka lokacin da ake tsara fom ɗin, don kada wani ya ninke takarda ya ɓoye bayanin.

Da yamma na shimfiɗa shi a kan teburin kicin. Mama tana zaune a kujerarta ta roba tana shafa man zafi a gwiwa, Yaya ya dawo daga tafiya ko wanka bai yi ba. Na karanta musu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, don ɗakin Baba bango ɗaya ne ya raba shi da kicin.

"Wane marar imani ne ya rubuta wannan doka?" Mama ta tambaya.

Yaya ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ga ta nan a gabanki. Malama mai jan biro."

"Ke?"

"Ni ce, Mama."

Ta daɗe tana kallona. "To ai sai ki warware abin da kika ƙulla. Ki rufe saman da wata takarda ki ce ya sa hannu."

"Baba?" na ce.

Ita kanta ta san ko takardar maƙwabci aka kawo masa bisa kuskure sai ya karanta kafin ya mayar.

Yaya ya ja fom ɗin gabansa yana bi da yatsa. Can ya tsaya. "Ga ƙofa nan kin bari a buɗe. In ba ya cikin hayyacinsa, wani ya sa masa. Ni zan sa."

"Likitansa ba zai rubuta haka ba. Shekaranjiya Baba ya gyara masa kwanan wata a kati."

"Likita ɗaya ne a duniya? Ina da aboki mai ƙaramin asibiti, tare muka yi makaranta. Layi biyu ne da hatimi."

"Yaya, duk takardar da ta zo ta wannan ƙofar sai lauyan kamfani ya bincika ya sa hannu. Zai kira asibitin, zai nemi ganin majinyacin in ya ga dama."

Na gane kuskurena tun kafin in rufe baki. Mama ta ajiye kwalbar man zafi.

"Wane lauya? Namu?"

"Shi ne."

"To alhamdu lillahi. Ba shi ne kullum yake sintiri a ƙofar gidan nan da ledar lemo ba? Ga ranar da za a ga amfaninsa."

"Mama, aikinsa ne zai tafi in aka gano. Har takardar shaidarsa ta aiki za a iya karɓewa."

"Ke kuma ubanki ne zai tafi," ta ce. "Ba sata na ce a yi ba. Ciwon gaskiya ne, hutun haƙƙinki ne. Layi ɗaya ne kawai za a karkata don a bar bawan Allah ya ƙarasa kwanansa da kwanciyar hankali. In mutumin nan ba zai iya yi miki wannan ba, ki faɗa masa manyansa su yi zamansu. Ba na bukatar surukin da littafi ya fi masa mutum."

Na tattara takardata na shiga ɗaki. Na yi sallar magariba, na daɗe a kan darduma ban iya haɗa addu'a mai tsawo ba. Abin da na yi ta maimaitawa shi ne, Allah Ka nuna mini gaskiya, Ka ba ni ƙarfin bin ta. Ban ɓoye muku ba, rabin zuciyata tana tare da Mama.

Ranar Juma'a da rana na sami Lauya a ƙarƙashin rumfar ajiye motoci ta kamfani, inda muka saba tsayawa. Na sa doguwar riga mai ruwan ƙasa da baƙin mayafi, ban ko shafa hoda ba. Ya dube ni ya ce, "Alƙaliya, yau kotu ba ta zauna lafiya ba."

Na faɗa masa komai, ban rage ba, har maganar manyansa. Ya saurara yana juya makullin mota a yatsa.

"Kin san abin da kike tambayata?"

"Ba ni nake tambaya ba. Saƙo aka ba ni."

"Ke fa? Me kike so?"

"Ina so in zauna kusa da mahaifina."

"Ban tambaye ki wannan ba."

Ya ce in ba shi lokaci, ya koma ofis yana tafiya kamar wanda aka ɗora wa buhu.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Na buɗe.

"Ki kawo takardar ranar Litinin. Zan sa hannu, ba zan kira kowa ba. In ta fashe, ni na yi sakaci, ba ruwanki."

Na karanta sau uku. Wani sanyi ya ratsa ni, irin na wadda ta tabbatar ana sonta. Ina shirin amsawa sai ga na biyu.

"Ba don maganar Mama ba ne, kada ki ɗauka tsorata ni aka yi. Don na ga yadda kika rame ne."

Sai na uku, bayan kamar minti biyar.

"Alfarma ɗaya nake roƙo. Gobe Asabar na saba zuwa gaishe da Baba. Ki ba shi uzuri a madadina. Ba zan iya zama ina hira da mutumin da zan sa hannu cewa ba ya cikin hankalinsa ba."

Wannan saƙon ne ya hana ni amsawa. Na kife wayar a kan gado.

Ranar Asabar da hantsi na shiga wa Baba da maganin jan zare. Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, sanye da farar riga da ta yi masa yawa yanzu, wuyanta na saukowa har ƙashin kafaɗa. An yi masa aski, ya sa hula, ya fesa turare. Tabaransa da rular suna kan ƙaramin tebur, babu ko takarda ɗaya a gefensu.

"Uwata, yau lauyanki ya makara."

"Ya ce a ba ka haƙuri, Baba. Wani aiki ne ya riƙe shi."

"Ranar Asabar?" Ya karɓi cokalin ya shanye, ya yamutsa fuska. "To Allah Ya taimaka. Na tanadar masa wata tsohuwar shari'a da zan ɗaure shi da ita."

Ya ɗauki kwalbar daga hannuna yana jujjuya ta a hasken taga, yana shafa inda ragowar gam ya bushe.

"Gidan nan yanzu babu abin karantawa. Har kwalabe an tuɓe musu riga."

"Mama ce ta ce takardun suna jiƙewa."

"Haka ta ce mini." Ya ajiye kwalbar a hankali. "Mamanki mace ce mai tausayi. Tun muna da ƙuruciya, in ta fasa kofi sai ta ɓoye gutsattsarin don kada raina ya ɓaci, ni kuma in yi ta neman kofi."

Na yi murmushin dole, na durƙusa ina gyara masa matashin da ke ƙarƙashin ƙafa don kada ya ga fuskata. Ƙafafun sun kumbura, fatar tana sheƙi.

"Jiya na ce mata ina so a kai ni wurin baffanki," ya ce.

Na ɗago. Baffa ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara shida ke nan ba sa magana, a kan wata kalma da aka faɗa a wurin taron dangi wadda kowa ya manta da ita sai su biyu. Tafiyar awa huɗu ce zuwa inda yake.

"Me ta ce?"

"Ta ce in bari sai na warke, hanya ba kyau. Na ce to." Ya ɗauki rular yana shafa gefenta da babban yatsa. "In da lokaci, gaskiyarta ne, gara in je da ƙafata da ƙarfina, kada ya ce ciwo ne ya koro ni. In kuma babu lokaci, to ko a kwance ne ya kamata a kai ni. Ban san wanne zan ɗauka ba. Ba a ba ni takardun shari'ar ba."

Na sunkuya na ci gaba da gyara matashin.

"Kin san wa na fi tausaya wa a kotu?" ya ci gaba, idonsa a kan taga. "Ba wanda aka yanke wa hukunci ba. Shi wannan, in na karanta masa, zai yi kuka ko ya yi shiru, daga nan ya kira matarsa ya ce ga yadda za a yi da yara. Wanda na fi tausayi shi ne wanda ake ta ɗaga masa zama. Ya zo a ce wata mai zuwa, ya dawo a ce wata mai zuwa, kowa a ɗakin ya san abin da ke cikin fayil sai shi. Ba ya iya shuka, ba ya iya tafiya, ba ya iya sallama da kowa."

"Baba..."

"Hira ce kawai, Uwata. Tsoho in ya rasa abin karantawa sai surutu." Ya juyo ya dube ni ta saman ido, kallon da yake mini ina yarinya in na ce na gama aikin gida alhali ban gama ba. "Ke kuma kullum kina gida. Kamfanin naku gidan marayu ne, ana biyan mutum yana zaune? Ina littafin nan naku mai shuɗin bango da kika kawo mini na duba miki? Na tuna akwai wani sashe a ciki da na ce ya yi kyau."

Shi ya duba mini shi, masu karatu. Da rular nan ya bi shi layi-layi shekara biyu da suka wuce, kuma a gefen jimlata ta ƙarshe ya rubuta da fensir: "Wannan adalci ne."

Na ce zan nemo littafin. Na fito da faranti a hannu.

Yaya na tsaye a tsakar gida, ya dawo ke nan, da farar ambulan a hannu. Mama tana bakin ƙofar kicin ta dafa bango.

"An gama," ya ce, ya miƙo mini. "Har hatimi. Saura naki da na surukin."

Na buɗe. Layi biyu ne kamar yadda ya ce. "Na duba wannan majinyaci, na tabbatar ba ya iya fahimtar abin da aka karanta masa, kuma ba ya iya yanke wa kansa shawara." Ƙasa ga sunan mahaifina cikakke, an ma yi kuskuren harafi ɗaya a ciki.

Na tsaya ina kallon kuskuren nan. Abin da ya faɗo mini shi ne, da Baba zai ga takardar, shi zai fara nunawa.

Na ninke ta yadda take, na mayar cikin ambulan, na miƙa wa Yaya.

"Mene ne kuma?"

"Ka mayar wa abokinka, ka yi masa godiya."

"Malama, kada ki kawo mini iyayi. Litinin jibi ce."

"Na sani, Yaya."

Na shiga ɗakina. Na ɗauki waya na rubuta wa Lauya: "Ba sai ka sa hannu a komai ba. Ka zo bayan la'asar, Baba ya tanadar maka shari'a, kuma ina jin zai bukaci wanda zai zauna kusa da shi." Ban jira amsa ba. Na yi alwala, na yi raka'a biyu, na ɗauko fom ɗin gaskiya daga cikin jakata, wanda likitansa ya cike da rubutu mai kyau. Na haɗa da littafin mai shuɗin bango.

Da na fito, Mama ta riga ta taka da gwiwoyin nan nata har ƙofar ɗakin Baba, ta tsaya a tsakiya, hannu ɗaya a kan kowane gefe. Ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje. Ban taɓa ganin ta tsufa kamar ranar ba.

"Ina za ki da wannan?" ta tambaya cikin raɗa.

"Wurin Baba."

"In kika shiga da ita, kin kashe shi. Kuma ba zan yafe miki ba."

Hawaye na zuba a fuskata, amma muryata ba ta yi rawa ba, har na yi mamakin kaina. Na durƙusa a gabanta kamar yadda nake yi in zan gaishe ta da safe.

"Mama, ki yafe mini ko ba yau ba. Ina so ki shigo tare da ni ki riƙe masa hannu. In ba za ki iya ba, zan shiga ni kaɗai."

Daga cikin ɗakin muka ji motsin kujera, sai ƙarar rula a kan tebur, sau biyu, yadda yake yi in ya shirya karatu.

Na miƙe tsaye.

"Zan ba shi ya karanta da kansa," na ce.